Azara ta Bakwai

Idan abokan aikina suka zauna suna yabon kakanninsu, wannan ya ce tasa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, wancan ya ce tasa ita ke ɓoye shi in za a dake shi, ni shiru nake yi. Tawa kakar, Iya Dije, Allah ya ji ƙanta, masifaffiya ce. Na faɗa mata haka tana da rai, ta ce na yi gaskiya, saboda haka ba gulmar mamaci nake yi ba. Ina sonta, amma har yau in na tuna zaman tatsuniyarta, haushi ne yake fara zuwa mini kafin kewa ta biyo baya.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Bebeji, ba nisa da ruwan Bagauda. Ƙanin babanmu masunci ne, duk kifin da bai samu shiga kasuwa ɗanye ba kuma Iya ce ke bandarsa. Tana da wani tsohon duro da aka yanke biyu aka ɗora masa ragar ƙarfe, a bayan ɗakinta. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta da totuwar masara, ta jera kifi, ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne da sandar juya kifi a hannu. Mu kuma jikoki mu kewaye ta, kowa da ƙwaryar gyaɗa a gabansa. Wanda bai ɓare gyaɗa ba ba shi da kunne a wajen, haka dokarta take. Hayaƙi yana shiga mana ido, ƙamshin tarwaɗa yana tsinka mana yawu, ita kuwa ko ƙaya ba ta ba mu sai ta ga dama.

Ni take kira maigida, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, amma a bakinta sunan ba ya zuwa shi kaɗai. Maigida rago, maigida mai kunnen ƙashi, maigidan da bai taɓa kawo cefane ba. In ta gama da ni sai ta buga sandar a jikin duron ta ce, "Ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ya tashi ya ba ni wuri." Mu ce ta zauna, muna ji.

Tatsuniyoyinta da yawa na manta. Ɗaya ce ta ƙi barina, ita ce ta gada.

Wani gari ne, in ji ta, da rafi ya raba shi da kasuwa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai a yi gayya a yi gada. Kowane gida ya kawo azara ɗaya ta giginya, a jera su kwance ɗaya bayan ɗaya, mutum ya bi yana taka su har ya haye. A garin akwai wani tsoho wanda shi ya fara koya musu yin gadar tun yana saurayi. Yanzu ido ya yi rauni, hannu yana rawa, amma ya ce ba za a yi gada babu azararsa ba. Ya sa aka zaro ɗaya daga rufin tsohon ɗakinsa. A ido lafiyarta ƙalau, a ciki kuwa gara ta gama da ita. Samarin da suka ɗauko ta sun ji ba ta da nauyi, suka kalli juna suka yi gaba. Maginin da ke jera azarun ya ƙwanƙwasa ta ya ji ta amsa kamar ganga, sai ya ɗaga kai ya ce wa tsohon madalla, Allah ya ƙara girma. Don a karrama shi ma sai aka sa ta a tsakiya, ta bakwai, daidai inda ruwa ya fi zurfi.

Kafin rana ta faɗi duk garin ya sani, sai tsohon. Iyaye suka koya wa 'ya'yansu ƙirga: ɗaya, biyu, har shida, sai a tsallake. Yara suka mai da shi waƙar wasa. Masu jakai suka riƙa zagayawa ta inda ruwa bai da zurfi. Har awakin garin, in ji Iya, sun iya lissafi.

Rannan sai ga wata mata daga wani gari, mai sayar da tukwane, da kayanta a ka, za ta kasuwa. A bakin rafi ta tarar da mutane zaune. A nan Iya ke ajiye sanda ta jawo maganar a hankali, tana kallonmu ɗaya-ɗaya. "Sun gaishe ta fa, maigida. Har da ina gajiya, har da yaya mutan gida. Suka zauna suna kallonta tana hawa." Matar ta taka shida lafiya, ta taka ta bakwai, azara ta karye. Tukwane suka tafi, ita kuma ƙugunta ya karye.

Aka kai magana gaban mai gari. Ya tambayi wanda ya kawo azarar, duk gari suka nuna tsoho. Ya tambayi wanda ya san ruɓaɓɓiya ce, kowa ya rantse bai sani ba. Mai gari bai yi musu da su ba. Ya sa aka mayar da azara mai kyau a gurbin ba tare da an faɗa wa kowa ba, washegari ya tara su ya ce kowa ya haye a gabansa. Babba da yaro, mace da namiji, kowa in ya zo ta bakwai sai ƙafarsa ta tsallake da kanta. Tsohon ne kaɗai ya ɗora ƙafa a kanta hankalinsa kwance. Sai mai gari ya ce tsoho ya tafi gida ya huta. Duk wanda ya tsallake kuwa, shi zai riƙa yi wa matar dakon tukwanenta zuwa kasuwa har ranar da za ta taka da ƙafarta. Ba ta kuma sake takawa ba, don haka har jikokinsu suna dako. Iya ta buga duro ta ce ta ƙare, wanda bai gane ba ya je ya kwanta da jahilcinsa.

Ni ban yarda da wannan hukunci ba. A raina na ce zalunci ne, ai tsohon ne ya kawo ruɓaɓɓen itace, su mutanen kunyarsa kawai suka ji. Amma ban faɗa ba, don faɗa ɗin shi ne abin da ba na yi.

Abin da ya sa nake cewa masifaffiya ce shi ne yadda take maimaita wannan tatsuniya. Bayan kwana biyu za ta sake ɗauko ta, amma sai ta ɓata ta da gangan. Ta ce azara ta huɗu ce. Ko ta ce mai gari ya sa an zane tsohon. Duk mun sani, duk mun ji, amma sai kowa ya sunkuyar da kai cikin gyaɗarsa. Sai ta tsaya cak.

"Na ce ta huɗu. Babu wanda ya ji?"

Shiru.

"Munafukai. Jikokin masu tsallake. Ku tashi ku ba ni wuri."

Haka za ta kore mu, babu ƙarshen labari, babu kifi. Ita ba ruwanta da cewa a gidan nan duk yaron da ya ce wa babba ba haka ba ne, tsumagiya ce za ta ba shi amsa. 'Ya'yanta ne ke riƙe da tsumagiyar, ita ta haife su, amma mu take zagi.

Sau ɗaya aka samu mai ƙarfin hali. Talatu, 'yar ƙanin babanmu, ta ɗaga kai ta ce, "Iya, ta bakwai ce." Iya ta zaro tarwaɗa guda sukutum daga kan wuta ta miƙa mata, muna kallo tana ci ita kaɗai. Ashe uwarta tana ji daga madafa. Da gari ya waye ta kama ta ta zane ta, wai ta ƙaryata tsohuwa a gaban yara. Iya ta fito ta tare wa Talatu faɗa, gida ya kaure, sai da babanmu ya dawo daga gona ya raba, hukuncin da ya yanke kuma shi ne kada yaro ya sake gyara wa babba magana. Ni na zauna na auna kifin da bulalar, na ga kifin bai kai ba.

Sai na samo dabara, na kuma daɗe ina alfahari da ita. A gaban wuta in yi shiru, in Iya ta kore mu muka shiga ɗaki sai in ba ƙannena labarin daidai yadda yake, ta bakwai a matsayin ta bakwai. Ga ladabi ga gaskiya, a ganina babu wanda ya kai ni. Wata rana Iya ta jiyo ni ta taga. Da safe ina shara ta kira ni, ban taɓa ganin ta yi magana a hankali haka ba. Ta ce, "Kai ka fi su muni, maigida. Su tsoro ne, kai kuwa wayo ne." Na yi kwana uku ban ɓare mata gyaɗa ba.

Yau ni malamin firamare ne a wata makaranta kusa da Dangora, a ƙasar Kiru. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji a wajenmu ya san matsalar littafi. Ba ya isa, wanda ya iso kuma yana maganar abubuwan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Shekarun baya sai mu malamai na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa muka haɗa kai muka buɗe shafi a intanet, muka sa masa suna Rumbu. Kowane malami yana iya ɗora darasin da ya rubuta da Hausa, kowa yana iya saukewa a wayarsa kyauta, kowa kuma yana iya gyara kuskuren da ya gani. Sharaɗi ɗaya muka sa: in ka yi gyara, sunanka zai fito a ƙarƙashin sunan marubucin, wane ya rubuta, wane ya gyara. Ranar da muka amince da wannan sharaɗi har tafi muka yi, wai mun samo hanyar inganta aiki.

Da farko Rumbun nan fayau yake, kowa yana jin nauyin nuna rubutunsa. Wanda ya cika shi shi ne Baba Hedimasta. Shi ya koyar da rabinmu, ya yi ritaya yana zaune a Bebeji, ya koyi danna waya da yatsa ɗaya, ya riƙa ɗora darasi bayan darasi, kuma masu kyau. Ganin sunansa ne ya sa wasu suka shigo. A wajena kuma ya wuce malami, domin shi ya ba ni 'yarsa Hauwa. Surukina ne. Ba na faɗin sunansa, ba na cin abinci a gabansa, in zan gaishe shi takalmina a waje nake barinsa.

Kada wani ya ɗauka ba ma gyara a Rumbu. Muna yi, har da zaƙewa. Bari wata ƙaramar malama ta ɗora darasin lissafi da kuskure ɗaya, kafin azahar mutum biyar sun sa sunansu a ƙarƙashin nata, da baƙar magana a kai. Na san matasa da dama da suka ɗora sau ɗaya ba su sake ba saboda bakinmu, nawa yana ciki. Jarumtarmu a kan na ƙasa take.

Sai Baba ya ɗora darasi na 'yan aji shida a kan taimakon gaggawa idan maciji ya sari mutum. Ya rubuta shi yadda aka koya musu a zamaninsu: a ɗaure saman wajen tamau, a tsaga da sabuwar reza, a matse jinin. Ina karantawa na ga kuskuren. Ma'aikatan lafiya sun sha zuwa makarantunmu suna gaya mana an bar wannan tuntuni. Ba a ɗaurewa tamau, ba a tsagawa, a hana ƙafar motsi ne a ruga asibiti. Balle kububuwa, wadda dafinta ke hana jini tsayawa. Na sani sarai. Na kalli wajen da ake dannawa a yi gyara, na hango sunana a ƙarƙashin na surukina, duk malaman ƙananan hukumomi huɗu suna karantawa. Sai na sauke darasin, na gyara nawa a wayata, na buga a takarda, na koya wa ajina daidai. A ƙarƙashin na Rumbu kuma na rubuta, Allah ya ƙara basira, Baba. Ni ne na farko da ya yaba. Bayana yabo ya yi ta zuba, madalla, Allah ya saka, mun amfana.

Darasin ya shekara biyu a wajen haka nan.

Kowane zangon karatu muna taro a wata makaranta a Kwanar Dangora, don nan ce ta fi sauƙin zuwa ga kowa. Baba ya daina halarta saboda ciwon gwiwa. A taron bayan damina, muna cikin gaishe-gaishe, sai wata yarinya ta miƙe daga bencin baya. Malama Bilkisu ce, sabuwar malama da aka tura wani ƙauye a cikin duwatsun Doguwa, inda sai ka hau tudu waya ke samun sabis. Ba ta gaishe mu ba. Wannan kaɗai ya sa kowa ya juyo yana kallonta.

Ta ce tana da ɗaliba, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinta. Uban yarinyar yana karyar masara kububuwa ta sare shi a ƙafa, yarinyar tana tare da shi. Ba ta ruɗe ba, ta yi abin da aka koya mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaure da robar tayar keke iya ƙarfinta, ta aika aka kawo reza, ta tsaga. Jini ya ƙi tsayawa. Hanya da nisa, kafin babur ya kai shi asibiti ƙafar ta mutu. Ya rayu, amma an yanke ta daga ƙasan gwiwa. Da ma'aikaciyar asibitin ta yi faɗa tana tambayar wanda ya yi wannan aika-aika, yarinyar ta ce malamarsu ce ta koya musu. Tun ranar ba ta koma makaranta ba.

Bilkisu ta ɗaga wayarta ta karanta mana darasin Baba daga farko har ƙarshe. Sannan ta ce tana roƙon duk wanda ya taɓa koyar da darasin ya fito da kwafinsa. Aka fara noƙe-noƙe. Ta bi benci-benci tana karɓa, wani a takarda, wani a waya, tana dubawa tana mayarwa. Na zaci ni kaɗai ne mai wayo. Babu kwafi ɗaya a ɗakin nan da ke ɗauke da reza. Wani ya goge layin, wani ya sake rubuta shi, wani ya ja masa biro ya rubuta a gefe. Kowa ya gyara nasa a ɓoye ya koma ya yabi na Rumbu.

"Ashe duk kun sani," ta ce.

Shugabanmu, Malam Idi na Tudun Wada, ya gyara murya ya ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce, kuma ta san Baba babba ne, ba a yi masa irin wannan a bainar jama'a. Ban taɓa jin na tsani muryar mutum kamar yadda na tsani tasa a lokacin ba, don abin da ke bakina ke nan ya riga ni faɗa.

Ba ta kula shi ba. Ta juyo wajena. "Malam Nasiru, ni ban san komai a kan maciji ba, a cikin gari na tashi. Na ga sunan Baba, na ga naka a ƙarƙashi kana yabo, na ce surukinsa ma ya duba. Da sunanka na shiga aji."

Na kalli ƙasa kamar mai ɓarar gyaɗa.

Abin da ya biyo baya ya fi komai ba ni kunya. Wani ya kawo shawara a goge darasin a asirce, kada Baba ya ji, kada hawan jininsa ya tashi. Nan take fuskoki suka saki, kowa yana cewa haka ya fi, haka ne mutunci. Ƙafar mutum tana ƙarƙashin ƙasa, mu kuma muna murna mun sami wata hanyar tsallakewa. Bilkisu ta ce in aka goge a ɓoye, waɗanda suka riga suka sauke irinta fa, wa zai gaya musu? Ta ce a gyara a fili, da suna, a kuma aika wa kowa cewa darasin da yake hannunsa yana kashe ƙafa. In ba haka ba ta bar Rumbu, kuma za ta gaya wa kowane sabon malami kada ya yarda da abin da ke cikinsa. Sai duk idanu suka dawo kaina. Mutanen da suka shekara biyu ba su da baki, yanzu sun samu na cewa ai ni ne na gida.

A kan babur ina komawa, da Iya Dije nake faɗa a raina. Haushinta nake ji, don ta yi shekaru a kabari amma ita ce da gaskiya. A lokacin na gane abin da ya sa mai garin nan ya sallami tsoho. Tsohon ya kawo abin da yake da shi da zuciya ɗaya, bai san ya ruɓe ba. Mu kuwa mun sani. Abin da muke kira girmama Baba, kanmu muke karewa, kada a ce wane ba shi da kunya. Mun gina abu muka ce na kowa ne, muka buɗe wa baƙo ƙofa ya shigo ya ɗiba, sannan muka riƙe sanin inda ramin yake a tsakaninmu. Da ma ba mu buɗe ba, da Bilkisu ta je ta tambayi ma'aikacin lafiya.

Na gaya wa Hauwa, ina fatan ta hana ni zuwa. Ta ce babanta ba yaro ba ne, in je.

Ranar Juma'a bayan la'asar na same shi a zaurensa a kan tabarma, tabarau a hanci, yana danna waya da yatsan nan ɗaya. Na cire takalmi na tsuguna daga bakin ƙofa. Na gaishe shi, na tambayi gwiwa, na tambayi gona, na sake tambayar gwiwa. Ya ajiye wayar ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa, kaina a ƙasa, daga darasin har yarinyar har ƙafar.

Na ji yana salati a hankali. Sannan ya tambayi sunan mutumin da ƙauyensu, na faɗa masa, ya maimaita.

"Yaushe ka ga kuskuren?"

"Tun ranar da ka ɗora, Baba."

"Kai yaya ka koyar da shi?"

"Na gyara nawa."

"Sauran fa?"

"Kowa ya gyara nasa."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce shekara biyu ke nan duk Juma'a ina zuwa ina tsugunawa a nan ina tambayarsa gwiwa. Na ce haka ne. Ya ce 'ya'yana, jikokinsa, da ke makarantarmu, su sun koyi daidai ke nan. Na ce e. Ya ce to madalla, na kula da gida.

Ya miƙo mini wayarsa ya ce in nuna masa inda ake dannawa. Na nuna. Da kansa ya goge layukan, yana tambayata abin da ma'aikatan lafiya suka ce, ina faɗa yana rubutawa, harafi-harafi, har aka kira magariba. A saman darasin ya rubuta cewa shi ne ya yi kuskure, kuskuren ya jawo wa wani bawan Allah asarar ƙafa, duk wanda ya koyar da tsohon darasin ya koma aji ya warware. Na ce ko in sa sunana a matsayin mai gyara. Ya ce a'a, sunan Malama Bilkisu za a sa.

Na fara ba shi haƙuri, na ce nauyinsa na ji. Ya ɗaga mini hannu.

"Nauyina? Ka bar ni ina koya wa yara yanka iyayensu, kana bina da Allah ya ƙara basira. Na ɗauki 'yata na ba ka, kai kuwa magana ɗaya ka kasa ba ni. Tashi ka je, za ka rasa salla."

Bayan sati ɗaya ya sa aka ɗauke shi a mota har ƙauyen nan na Doguwa, da gwiwar tasa. Bai nemi in raka shi ba. Abin da suka yi da mutumin ban sani ba, sai dai na ji yarinyar ta koma aji.

A Rumbu mun canza wasu abubuwa. Darasin da ya shafi lafiya ba ya fita sai ma'aikacin lafiya ya duba. Mun hana baƙar magana ga sababbi, wasu daga cikin waɗanda muka kora sun dawo suna ɗorawa. Amma ba zan ruɗi kowa ba, har yanzu in babba ya yi kuskure sai ka ga an yi kwana biyu ana leƙe kowa yana jiran wani ya fara. Ni yanzu ina farawa. Akwai dattawa biyu da suka daina amsa sallamata saboda haka, na kuma haƙura.

Har yanzu ina zuwa Bebeji duk Juma'a. Ina cire takalmi, ina tsugunawa, yana amsa gaisuwata yadda ake amsa ta baƙon da ya zo tambayar hanya. Bai daina rubutu ba, ya ma ƙara. Amma duk darasin da ya gama, Malama Bilkisu yake aika wa ta duba kafin ya ɗora, yarinyar da ba ta wuce sa'ar jikarsa ba, can cikin duwatsu inda sai ta hau tudu saƙon ke shiga. Ni da nake zaune a bakin ƙofarsa bai taɓa nuna mini ko ɗaya ba.